Tsohuwar Kwalba: Ta Gaske Ko Ta Jabu?

Ran nan wani dillalin tsofaffin kaya a Ikko ya miƙo mini wata kwalbar giya wadda babu kome cikinta, da takardar Star manne a jikinta. Ya rantse mini cewa tun zamanin Gwamna Lugga take, ya kuma yanka mata kuɗin da zai sayi rago. Ban yi musu da shi ba, na dai tuna masa cewa Lugga ya bar Nijeriya a 1919, kwalbar Star ta farko kuwa sai a 1949 ta fito daga masana'antar Ikko. Nan take ya mayar da ita cikin buhu.

Kada mai karatu ya yi mamaki. A Turai da Amurka akwai masu tara irin waɗannan kwalabe, kuma gilashin suke saye da tarihinsa, ba abin da aka taɓa zubawa ciki ba. Inda kuɗi ya shiga kuwa, mai jabu ba ya nisa.

Masana abin sukan fara duban layin da ke gefen kwalba, watau inda ɓari biyu na mazubin suka haɗu. A kwalbar da mutum ya hura da bakinsa, layin nan yakan ɓace a wuya, domin da hannu ake gyara bakin daga baya. A ta inji kuwa, irin injin da Michael Owens ya ƙago a Amurka a 1903, layin yakan miƙe har saman baki. Haka nan bakin da aka yi domin murfin kwano mai haƙora ba zai girmi 1892 ba, shekarar da William Painter na Baltimore ya yi rajistar murfin. Amma a lura, alamun nan suna nuna shekarar da kwalba ba za ta riga ba ne kurum, gama wasu masana'antu sun daɗe kan tsohuwar hanya.

Sa'an nan a juya gindinta. Gogewar shekaru takan zauna sumul a inda kwalba ke taɓa ƙasa. Ta mai jabu karce ce ta ko'ina. Takardar jiki ita ce ban yarda da ita ba sam, domin ruwan shayi ma yana tsofar da takarda a dare ɗaya.

Tsufa kaɗai ba ya kawo tsada. A 1959 kamfanin Guinness ya zuba kwalabe 150,000 cikin tekun Atlantika domin cikarsa shekara 200, kowace da saƙo a ciki. Suna da yawa, saboda haka mai saye yakan fi darajanta wadda ba a buɗe ba, takardunta na nan.

Namu na gida sun yi wuyar samu ne saboda ba mu barin kwalba ta huta. Kamfani ya karɓe ta ya sake cikawa, mai gyaɗa da mai kananzir su yi awo da ita, in ta fashe kuma Masaga na Bida su narka ta su yi duwatsun wuya da warwaro.