Haɗe Arik da Aero: A fara da jerin matuƙa

A 2024 hukumar AMCON, wadda ta karɓi ragamar Aero Contractors a 2016 da Arik a 2017 saboda bashi, ta yi maganar haɗe kamfanonin biyu. Kafin a sake tayar da zancen, ya kamata a dubi abin da ya faru a Amurka.

A aikin tuƙin jirgi, matsayin mutum a jerin waɗanda suka riga shiga aiki shi ne jarinsa. Shi ke nuna wanda zai zama kyaftin, da wanda za a fara sallama idan kasuwa ta faɗi.

Da aka haɗe US Airways da America West a 2005, matuƙan kamfani na farko sun nemi a bi ranar ɗaukar aiki. Na biyun suka ce ba za a ɗora musu waɗanda aka dakatar ba, tunda kamfaninsu ne mai lafiya. Mai sasanci George Nicolau ya yanke hukunci a 2007, na farkon suka ƙi amincewa, suka yi amfani da rinjayensu suka kafa sabuwar ƙungiya a 2008. Shari'a ta ja, ba a sami jeri guda ba sai 2016, bayan haɗewa da American Airlines.

Saboda haka wajibi ne ƙungiyar NAAPE da hukumomi su amince da ƙa'idar jerin a rubuce kafin a sa hannu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.