Malfar Nana Asma'u da farantin gyaɗa a Mazanya

Ranar Talatar da ta wuce motarmu ta tsaya a Mazanya, direba na neman ruwan lagireto. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 12 ba ta matso da farantin gyaɗa, ƙarfe goma na safe. Na ce, "'Yan mata, yau ba makaranta?" Ta ce, "Baba, malam ya daina zuwa tun da aka fara tare hanya." Na tambayi sunanta, ashe takwarar Nana Asma'u 'yar Shehu ce. Da na ce ko ta san mai sunan, sai ta ce ai sunan makaranta ne a birni.

Abin nan ya tsaya mini a rai har gida.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a 1793, ta rasu a Sakkwato a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Amma ni ba yawan waƙoƙinta ne ke burge ni ba, dabararta ce. Ta san matar ƙauye ba za ta bar miji da 'ya'ya ta tafi birni karatu ba, sai ta kafa 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijai mata da ake kira jaji, ta naɗa musu malfa da jan rawani. Sukan zo wurinta da ayarin 'yan mata, su haddace darasi a waƙe, su koma gida suna koyarwa. Malfar nan ma tun asali ta Innar Gobir ce, shugabar bori. Asma'u ba ta ƙone ta ba, ta ɗora ta a kan malama. Wannan ita ce hikimar da masu wa'azin lasifika na yau suka rasa, su da ba su iya komai ba sai tsinuwa.

Za a ce ai rashin tsaro ne ya hana malam zuwa Mazanya. To ita a zaman lafiya ta yi nata? Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta girma cikin yaƙi da yunwa.

Mu kuwa mun liƙa sunanta a allon makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai, mun share aikinta. Matan Katsina masu digiri, masu taro a otal da anko iri ɗaya: Mazanya ba ta da nisa. Idan malami ya ƙi zuwa Mazanya, a nemo matan garin da suka sauke Alƙur'ani, a horar da su, a biya su, su koyar a cikin gidajensu.