Ranar Da Ƙwallo Ta Ƙi Shiga Kwando

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a wurin 'yan kallon wasanni, wadda nake ganin ya kamata mu zauna mu dube ta da idon basira. Da zarar an ci wata ƙungiya a wasan ƙwallon kwando, musamman idan 'yan wasanta sun yi ta jifa ƙwallo ba ta shiga ba, sai ka ji an raba hukunci gida biyu. Waɗansu su ce ragwaye ne, ba su iya komai ba, a kore su. Waɗansu kuwa su ce ai rashin sa'a ne kawai, a manta da zancen. Ni a ganina duka biyun sun kauce hanya. Don in nuna dalilina, zan kawo labarin wata ƙungiyar jami'a ta ƙasar Amurka, inda aka ƙago wasan a shekarar 1891.

A can Amurka, kowace shekara daga watan Maris zuwa farkon Afrilu, manyan jami'o'i sukan yi gasar ƙwallon kwando ta ƙasa baki ɗaya. Dokar gasar ba ta da sassauci, duk wanda aka ci sau ɗaya ya koma gida. A shekarar 2011 ƙungiyoyi 68 suka shiga, biyu suka kai wasan ƙarshe, watau Jami'ar Connecticut da Jami'ar Butler. Ita Butler ƙaramar jami'a ce a birnin Indianapolis, ɗalibanta 'yan dubbai ne kaɗan, mai horar da 'yan wasanta kuwa, Brad Stevens, shekararsa 34 kacal a lokacin. Abin mamaki shi ne wannan ne karo na biyu a jere da suka kai wasan ƙarshe. A 2010 Jami'ar Duke ta ci su 61 da 59, bayan Gordon Hayward ya yi jifa daga tsakiyar fili a daƙiƙar ƙarshe, ƙwallo ta bugi allo, ta bugi bakin kwando, ta faɗo waje.

To, ran 4 ga Afrilu 2011, a birnin Houston, a gaban mutane fiye da dubu 70, 'yan Butler suka yi jifa 64, guda 12 kaɗai suka shiga. Watau cikin kowane jifa ɗari, ba su kai 19 ba. Ba a taɓa ganin ƙarancin shiga irin wannan a wasan ƙarshe na gasar ba. A jifan nesa, mai maki uku, sun ci 9 cikin 33. A jifan kusa, mai maki biyu, wanda kowa ke ɗauka shi ne mai sauƙi, 3 suka ci cikin 31. Matt Howard, ɗaya daga cikin manyansu, ya jefa 13, ɗaya ya shiga. Shelvin Mack ya jefa 15, huɗu suka shiga. Duk da haka su ke gaba da 22 da 19 sa'ad da aka tafi hutun rabin lokaci. Da aka dawo sai abin ya ƙara lalacewa, aka tashi Connecticut na da 53, Butler na da 41.

Bari mu fara da masu cewa ragwaye ne. Waɗannan samari, kafin su iso wannan dare, sai da suka ci wasa biyar a jere, kuma galibinsu da kyar da jiɓin goshi. Matt Howard ɗin nan shi ya jefa ƙwallon da ta ba su nasara a kan Old Dominion, 60 da 58, daidai lokacin da agogo ya cika. Shi ne kuma ya ci makin da ya raba gardama tsakaninsu da Pittsburgh, 71 da 70, a wasan da Shelvin Mack ya ci maki 30 shi kaɗai. Kwana biyu kafin wasan ƙarshe, a wannan fili ɗin dai na Houston, sun ci wasan kusa da ƙarshe 70 da 62. Shin rago zai iya wannan? Shin mutumin da ya iya jifa ran Asabar zai wayi gari ran Litinin ya mance yadda ake yi? Hausawa sun ce in ka ji wane ba banza ba. Wanda ya ɗauki dare ɗaya ya auna mutum da shi, ya manta da watanni biyar na wahala, lalle bai yi adalci ba.

Masu cewa rashin sa'a ne kuwa, suna da 'yar gaskiya, amma ba ta da yawa. Ga wani ɗan lissafi da kowane ɗan aji uku zai iya yi. A ce ɗan wasa yakan ci jifa 4 cikin 10, wanda ba laifi ba ne ko kaɗan a wannan wasa. Ke nan yakan ɓarar da 6 cikin 10. Idan ka ninka 0.6 sau biyar, za ka sami wajen 0.078, watau kusan sau ɗaya cikin 13 zai yi jifa biyar a jere ba ko ɗaya da zai shiga, alhali kuwa ba abin da ya same shi. Saboda haka in ka ga abokinka ya ɓarar da biyar, kada ka yi saurin yi masa ihu. Amma fa 12 cikin 64 ya wuce abin da za a ɗora wa sa'a ita kaɗai. Dole akwai dalilai, kuma wanda ya ƙi neman dalili, gobe ma abin da zai same shi ke nan.

Dalili na farko shi ne abokan karawa. Mukan manta cewa a fili akwai mutum biyar waɗanda aikinsu shi ne su hana ƙwallo shiga. 'Yan Connecticut dogaye ne masu dogayen hannuwa, a daren nan sun kaɓe jifa 10 tun ƙwallo tana sama. Wanda aka kaɓe wa ƙwallo sau biyu, a karo na uku zai yi sauri ya sake ta kafin ya daidaita, ko ya ɗaga ta fiye da yadda ya saba. Shi ya sa jifan kusa ya gagari Butler fiye da na nesa, don a gindin kwando dogayen suke tsaye. Shi kansa Brad Stevens bayan wasa bai ɓoye ba, ya yarda cewa irin wannan jifa ba zai ci kowane wasa ba, ya kuma yaba wa tsaron abokan karawarsu.

Dalili na biyu shi ne gajiya. Bakin kwando yana da tsawon ƙafa 10 daga ƙasa, faɗinsa inci 18, ita kuwa ƙwallo faɗinta bai kai inci 10 ba. In an duba, saura kaɗan ƙwallo biyu su wuce tare. Amma wannan faɗi sai ƙwallon da ta fito daga sama take samunsa. Wadda ta zo a miƙe, ƙofar takan ƙuntata mata. Ƙarfin da ke ɗaga ƙwallo sama kuwa daga ƙafafu yake fitowa, hannu saiti kawai yake yi. Idan ƙafa ta gaji, sai jifa ya gajarta, ya bugi gaban ƙarfe. A rabin farko Butler sun ci 6 cikin 27, a na biyu 6 cikin 37. Sun ƙara yawan jifa, amma shiga ba ta ƙaru ba.

Dalili na uku, wanda nake ganin ya fi sauran nauyi, shi ne fargaba. Jifa aiki ne da jiki ya haddace, kamar yadda hannu ya haddace rubuta sunan mai shi. Da zarar mutum ya fara tunanin kada ya kuskure, sai wuyan hannu ya sandare. Na farko ya ɓarar, na biyu ya ɗauki nauyin gyarawa, shi ma ya ɓarar, kafin ka ce kwabo abin ya bi ƙungiya duka kamar mura a ɗakin kwana. Ku tuna kuma waɗannan samari suna ɗauke da ciwon bara, wanda maki biyu ya raba su da kofi. Su ma 'yan Connecticut ba su tsira ba, don jifan nesa 11 suka yi, ɗaya ya shiga. Abin da ya cece su shi ne sun matsa kusa da kwando, kuma sun ci 14 cikin 16 na jifan da alƙalin wasa ke bayarwa in an yi wa mutum keta.

Wani zai ce, to, duk wannan bayani me ya ƙara? Kofi dai ya tafi, tarihi kuwa wanda ya ci yake tunawa. Gaskiya ne kofi ya tafi, ba ni kuwa cewa a yi wa wanda aka ci biki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma a ranar Butler sun gaza. Abin da nake cewa shi ne amfanin bayani a gaba yake. Ƙungiyar da aka gaya wa ragwaye ne za ta ji tsoron jifa, kowa ya riƙa tura wa ɗan'uwansa ƙwallo don kada laifi ya faɗa kansa. Wadda aka gaya wa sa'a ce ba za ta gyara komai ba. Wadda aka zaunar aka nuna mata inda ƙafa ta gaji, da inda aka yi gaggawa, da inda dogo ya tare hanya, ita ce za ta san abin da za ta yi in ta koma fili.

Gyaran kuwa ba ya zuwa dare ɗaya. Bayan wannan wasa Matt Howard ya gama karatu, Shelvin Mack ya tafi wasan ƙwararru. A kakar da ta biyo baya jifan nesa ya ci gaba da ba Butler wahala, har ba su sami shiga babbar gasar ta 2012 ba. Ba a kori mai horar da su ba, su kuma ba su daina jifa ba. A watan Disamba 2012 suka kara da Jami'ar Indiana, wadda a lokacin ita ce ta ɗaya a ƙasar, suka ci ta 88 da 86 bayan ƙarin lokaci. Wanda ya jefa ƙwallon nasara, Alex Barlow, ɗalibi ne da ya shiga ƙungiyar ba tare da an ɗauki nauyin karatunsa don wasa ba. A 2013 ƙungiyar ƙwararru ta Boston Celtics ta ɗauki Brad Stevens ya horar da ita, a 2021 ya zama shugaban harkokin wasanta, a 2024 kuma ta ci kofin ƙwararru na Amurka.

Ba Butler kaɗai ba ce. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya kai wasan ƙarshe na wannan gasa sau biyu tare da Jami'ar Houston, a 1983 da 1984, duka biyun aka ci su. Shi ne kuma ya ɗauki kofin ƙwararru a 1994 da 1995. Jami'ar Virginia a 2018 ta shiga gasar tana kan gaba, wata ƙaramar jami'a ta yi waje da ita a wasan farko, 74 da 54, bayan ta ci jifan nesa 4 kacal cikin 22. Aka yi mata dariya shekara guda cur. A 2019 ita ta ɗauki kofin.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga 'yan wasanmu, ku riƙa ƙirga jifanku a lokacin motsa jiki, ku rubuta a littafi, don ƙirga ba ta son kai. Ku yi ta gwada jifa bayan kun yi gudu kun gaji, tun da a gajiye za ku yi shi ranar gasa. Idan kuwa kun sami sarari a fili, ku jefa, ko da biyar na baya ba su shiga ba. Ga mu 'yan kallo, mu sani ihun da muke yi wa namu ɗan wasa taimako ne ga abokan karawa, don fargabar da ta riga ta kama shi muke ƙara wa ƙarfi. Ga iyayenmu kuma, kada labarin an ci 'ya'yanku ya sa ku ce su bar wasa wai ɓata lokaci ne. Matt Howard ɗin da ya jefa 13 ɗaya ya shiga, a shekarar nan aka zaɓe shi gwarzon karatu cikin 'yan ƙwallon kwandon manyan jami'o'in Amurka. Wasa bai hana shi karatu ba, mummunan dare guda kuma bai rage masa daraja ba.

Yaron da ya koyi tsayawa a gaban jama'a ya kuskure, sa'an nan ya sake karɓar ƙwallo ya jefa, ya koyi abin da zai amfane shi a ɗakin jarrabawa da wurin aiki. Mu taimake shi ya koya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.