Kula da ma'aikata ba tare da digiri ba: Damar da ke gaban matasan kudancin Kano

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, gwamnatin Kano kuma ta sanar da nata na naira 71,000 a watan Oktoba, hankali ya fi karkata kan nawa ma'aikaci zai karɓa. Ba a cika tambayar wane ne zai lissafa albashin, ya cire kuɗin fansho, ya ajiye takardun kowane ma'aikaci ba. Wannan shi ne aikin jami'in kula da ma'aikata, kuma sana'a ce da matasan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa za su iya shiga ko da ba su je jami'a ba.

A yankin akwai masu ɗaukar mutane aiki. Akwai manyan gonaki da injinan casar shinkafa a kewayen madatsar ruwa ta Tiga, akwai masu haƙar ma'adinai a Riruwai, ga makarantu masu zaman kansu da gidajen mai a kan hanyar Kano zuwa Zariya da ta ratsa Kwanar Ɗangora. Ga kuma sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, inda sashen ma'aikata ke ƙarƙashin daraktan da aka fi sani da DPM. Sai dai a wurare masu zaman kansu da dama, da baki ake ɗaukar ma'aikaci, ɗan'uwan mai gida ne kuma ke riƙe da littafin biya.

Doka ba haka ta tanada ba. Dokar Ƙwadago ta ce a bai wa ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aiki. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a riƙa biyan kashi 1 na jimillar albashi ga asusun NSITF. Duk kamfanin da ke neman kwangilar gwamnatin tarayya sai ya nuna shaidar bin irin waɗannan ƙa'idoji, don haka yana buƙatar wanda ya san su. Sanin nan ba sai a jami'a ake samunsa ba.

Hanya mafi kusa ita ce cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata ta ƙasa, CIPM, wadda aka kafa a 1968, ta samu amincewar doka a 1992. Jarabawarta mataki-mataki ce, takardar karatun mutum ce kuma ke nuna matakin da zai fara. Idan ya haɗa da iya sarrafa Excel da rubuta wasiƙar ofis, ya samu abin da zai nemi aikin akawun albashi da shi.

Amma akwai cikas guda biyu. Na farko, dokar mafi ƙarancin albashi ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba da kuma ayyukan gona na lokaci-lokaci, alhali irin waɗannan ne suka fi yawa a yankin. Ke nan guraben ba su da yawa, wasu sai sun nufi Sharaɗa ko Challawa ko Bompai a birnin Kano. Na biyu, a aikin gwamnati takarda ce ke yanke matakin da mutum zai iya kaiwa. Ƙudirin da Majalisar Tarayya ta amince da shi a 2021 don kawar da bambanci tsakanin HND da digiri bai samu sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari ba.

Saboda haka rashin digiri ba ya hana shiga sana'ar, amma yana iya tsayar da mutum a tsakiyar tsani. Dabarar da ta fi dacewa ita ce matashi ya fara aiki da abin da ke hannunsa, ya rubuta jarabawar CIPM, sannan ya nemi digiri a hankali ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN, wadda ke da cibiyar karatu a Kano, ba tare da ya ajiye aikin ba.