Haƙƙin Matar da Aka Saka

Sharhinmu na yau zai duba batun ciyar da mace da 'ya'yanta bayan mutuwar aure.

Duk mai zama a bakin titi wajen Ƙofar 'Yandaka a birnin Katsina, inda hanyar Batsari ta kama, ya san wannan kaya idan ya gan shi: Keke Napep ɗauke da katifa a naɗe, da kwalla, da akwatin tufafi, ga mace a takure da goyo. An miƙa mata takarda, an ce ta tafi gidansu, ko kwana ba ta ƙara ba. Daga ranar nan cinta da maganin yaron sun koma wuyan tsohon da ya aurar da ita, wanda shi ma da ƙyar yake riƙe gidansa.

Da an ta da zancen sai gardama ta kaure. Wasu su ce a tilasta wa miji biyan tsohuwar matarsa wata-wata, kamar yadda kotunan Ingila da Amurka ke yankewa. Wasu su ce wannan al'adar Turawa ce. A Najeriya dai dokar 1970 ta ba babbar kotu ikon yanke irin wannan kuɗi, amma a auren rajista kaɗai, ban da wanda aka ɗaura a masallaci ko a zaure.

A ganinmu gardamar nan ta ɗauke mana hankali daga abin da yake hannunmu. Littattafan Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da su, Risala da Muhtasar da Tuhfa, ba su bar matar da aka saka a tutar babu ba. Idan saki ɗaya ne ko biyu, ci da sutura da muhalli suna kan miji har ta gama idda, kuma farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da ita daga ɗakinta. Idan saki uku ne tana da wurin zama, in kuwa da ciki, zai ciyar da ita har ta sauka. Renon yara haƙƙin uwa ne muddin ba ta sake aure ba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, uba kuma shi ke ɗaukar nauyinsu. Ga kuma mutu'a, kyautar sallama da aka so miji ya bayar gwargwadon ƙarfinsa.

To ina aka kwana? Magidanci ya ce, “In kina son riƙe yaran, ki ci da su.” Iyayenta su ce, “Ki bar shi da Allah, ba a kai uban 'ya'ya ƙara.” Wadda ta daure ta je gaban alƙali, a yanke kuɗi, mutumin ya biya wata biyu ya yi shiru, ita kuma ba ta da kuɗin mota da na sabon sammaci. Ƙarshenta yarinya ta ɗauki farantin talla, yaro a tura shi bara.

Maƙwabtanmu na Kano sun taɓa batun. A 2009 Hajiya Altine Abdullahi ta shirya gangamin zawarawa, Hisba ta hana. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya kawo shawarar dokar iyali, sai hayaniya ta koma kan ƙarin aure, zancen ciyarwa ya nutse. Maroko kuwa, ƙasar Malikiyya irin tamu, tun 2004 kotu ba ta barin a rubuta saki sai miji ya ajiye haƙƙin mata da na yara a hannun kotun. A Masar dokar 1985 ta mayar da mutu'a tilas ga wadda aka saka ba da yardarta ba, ba kuma da laifinta ba, aƙalla ciyarwar shekara biyu.

Jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000 ba ta da uzuri. Muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Katsina da ta yi dokar da za ta sa a rubuta kowane saki a kotu, a yanke kuɗin idda da na yara nan take, mai albashi a cire daga albashinsa. Hisba da masu unguwanni su bi sawun wanda ya ƙi biya. Ku kuma iyaye, idan aka koro muku 'ya cikin idda, ku raka ta gaban alƙali ta karɓi haƙƙin da Allah ya ba ta.