Kwaikwayon Tsohuwar Kwamfuta da Makomar Rubutun Hausa na Shekarun 1990

A cikin masu sha'awar kwamfuta akwai waɗanda kan raba dare suna fama da girka babbar manhaja ta yau a cikin na'urar da aka daina ƙerawa tuntuni. Na'urar ma ba ta ƙarfe ba ce, wata manhaja ce ke kwaikwayon ta a cikin kwamfutar zamani, tun daga ƙwaƙwalwarta har zuwa ramin sa faifai. Da manhajar SIMH ake tayar da kwamfutar VAX, wadda kamfanin DEC ya fara fitarwa a 1977, sannan a ɗora mata NetBSD, buɗaɗɗiyar manhajar da har yau ake sabuntawa. Haka kuma ake ɗora FreeDOS a kan 86Box, mai kwaikwayon kwamfutocin tebur na shekarun 1980 da 1990. Mai kallo daga nesa zai ɗauka wasa ne na waɗanda ba su da abin yi. Amma sassan nazarin Hausa na jami'o'i suna da buƙatar wannan fasaha fiye da masu wasa da ita, domin wani babban yanki na rubutun Hausa yana kulle a cikin irin waɗannan tsofaffin na'urori.

Duk wanda ya taɓa duba kundin digiri ko tace maƙala ya san alamar matsalar. A buɗe tsohon fayil, sai a tarar da }asa a gurbin ƙasa, ]aya a gurbin ɗaya, ~era a gurbin ɓera. Dalili shi ne kafin tsarin Unicode ya zama ruwan dare, an riƙa ƙera wa Hausa zubin haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, inda ake aron gurbin wata alama a zaunar da harafi mai ƙugiya. Dabarar ta yi wa harshen aiki a lokacinta. Sai dai da zarar fayil ya rabu da zubin da aka rubuta shi da shi, ƙugiyoyin sun tafi. Wannan ma mai sauƙi ne, tun da ana iya musanya alamomin. Mai wuyar shi ne fayil ɗin da aka rubuta da WordStar ko WordPerfect ko tsohuwar PageMaker, wanda manhajar yau ko dai ta ƙi buɗe shi, ko ta buɗe shi a hargitse, ba jadawali, ba alamun karin sauti, ba tsarin baitoci.

Ba Hausa kaɗai abin ya taɓa shafa ba. A 1986 BBC ta tattara bayanan rayuwar Birtaniya a kan faifan leza, don cika shekara 900 da rubuta kundin Domesday na 1086. Kafin a yi shekara ashirin, na'urorin karanta faifan sun kusa ƙarewa, alhali kundin fata na ƙarni na sha ɗaya yana nan ana karantawa. Sai a 2002 masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka farfaɗo da aikin ta hanyar kwaikwayon tsohuwar na'urar. Idan haka ta faru ga hukuma mai dukiya da ma'aikata, ina ga faifan da ke cikin akwatin malamin makaranta?

A ɗauki misalin irin wannan malami a Ruwan Godiya, cikin ƙaramar hukumar Faskari ta Jihar Katsina. A ce a shekarun 1990 ya zaga garinsu ya tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin noma da tarihin kafuwar unguwanni don kundin kammala karatu, ya kai wani shagon kwamfuta a Funtuwa aka buga masa, aka miƙo masa faifan fulofi. Dattawan da suka ba shi bayani yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Yankin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa kuwa ya sha fama da 'yan bindiga. Sace ɗaruruwan ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 kaɗan ne daga abin da duniya ta ji. Wanda ya gudu da iyalinsa cikin dare ba ya tsayawa neman faifai. Wanda ya tsira a akwati kuma zafi da laima da ƙura suna cin sa a hankali. Abin da ke cikinsa ba a iya sake tattaro shi, domin garin da aka yi wa tambayoyin ba shi ne na yau ba.

A nan amfanin buɗaɗɗiyar manhaja yake fitowa. FreeDOS, wadda Jim Hall ya fara a 1994, tana tafiyar da akasarin manhajojin zamanin DOS, ba ta buƙatar lasisi, kuma kowa na iya duba yadda aka gina ta ya gyara. Idan aka kwafe hoton faifai gaba ɗaya, aka saka shi a cikin kwamfutar kwaikwayo, sai rubutun ya bayyana yadda mai shi ya gan shi, daga nan a fitar da shi zuwa Unicode ana gwada kwafi da asali. Duk wannan yana yiwuwa a kan kwamfutar cinya mai matsakaicin ƙarfi, ba tare da intanet ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yankin da aka katse wa layukan sadarwa a Satumbar 2021, lokacin da matakin ya shafi ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku.

Za a iya cewa ai kundayen suna nan a ɗaure a ɗakunan karatu, a ɗauki hotonsu kawai. Gaskiya ne ga abin da aka buga. Amma faifai kan riƙe abin da takarda ba ta ɗauka ba: hirarrakin da aka rage, jerin kalmomin da ba su shiga kundi ba, da zubin farko na littafi kafin a tace shi. Ga mai nazarin Adabin Kasuwar Kano, wanda bunƙasarsa ta zo daidai da yaɗuwar shagunan kwamfuta, bambancin zubin farko da na ƙarshe hujja ce ta tarihin matani. Za a kuma iya cewa tsofaffin manhajojin rubutu suna da haƙƙin mallaka. Wannan ƙorafi ne mai tushe, kuma shi ya sa ya dace jami'a ta ɗauki aikin a hukumance, da ƙa'idar da ta fayyace cewa don adanawa da bincike ake yi.

Masana Hausa sun daɗe da yarda cewa karanta rubutun ajami yana buƙatar horo: sanin hannun marubuci, da takarda, da tawada. Gidan Arewa a Kaduna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina suna adana irin waɗannan takardu. Fayil ɗin 1995 shi ma rubutun hannu ne na zamaninsa, illa dai ya fi takarda saurin mutuwa. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin sashe ɗaya ba: kwamfuta guda, na'urar karanta fulofi, ɗalibin digiri na biyu da aka haɗa da takwaransa na sashen kimiyyar kwamfuta, da sanarwa ga tsofaffin ɗalibai su kawo faifansu a kwafe a mayar musu. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma su ya kamata su fara.

Kamfanin Sony ya daina ƙera faifan fulofi tun 2011, na'urorin karanta shi kuma kullum raguwa suke yi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an same ta a cikin tulun. Kowace damina da ta wuce, wasu faifan suna daina buɗuwa, kuma babu wanda zai san abin da ke cikinsu balle ya yi jimamin rashinsa.