Ina makomar waɗanda aka hana mafaka aka koro gida?

Lokacin da Olaf Scholz, shugaban gwamnatin Jamus na wancan lokaci, ya kai ziyara Abuja a watan Oktoban 2023, cikin batutuwan da ya tattauna da Shugaba Bola Tinubu har da maido da 'yan Najeriya kusan dubu 14 da hukumomin Jamus suka ce wajibi ne su bar ƙasar. Da dama daga cikinsu mafaka suka nema aka hana su.

Yarjejeniyar Geneva ta 1951 dai ta tanadi kariya ne ga wanda ake tsangwama saboda addini, ko launin fata, ko ra'ayin siyasa da makamantansu. Talauci da rashin aikin yi ba sa ciki, abin da ya sa akasarin 'yan Najeriya ba sa yin nasara.

Sai dai kuma ba a cika tambayar abin da ke faruwa bayan jirgi ya sauke su a Legas ba.

Wanda ya amince ya komo don raɗin kansa, gwamnatin Jamus kan biya masa kuɗin jirgi, ta kuma ba shi ɗan abin kama sana'a. Amma wanda 'yan sanda suka taso ƙeyarsa ba ya cin moriyar wannan tsari, kuma akan haramta masa sake shiga ƙasar na wasu shekaru. Sau da yawa daga shi sai kayan jikinsa.

Ko da yake tun 2018 Jamus da ma'aikatar ƙwadago ta Najeriya suka buɗe cibiyoyin ba da shawara da koyar da sana'a, an kafa su ne a birane irin su Legas da Abuja da Benin, nesa da mutumin karkara.

Arewacin ƙasar ma bai tsira ba. Filin jirgin saman Malam Aminu Kano ya sha karɓar mutanen da Saudiyya ta koro, da waɗanda suka maƙale a Nijar kan hanyar Libiya, inda hukumar NEMA kan tarbe su da abinci da kuɗin mota.

To amma kuɗin mota ba ya biyan bashi. Wanda ya sayar da gona, ko ya ci bashin dangi kafin ya tafi, yakan tarar da masu binsa suna jira, ga kuma kunyar dawowa hannu rabbana. Irin wannan matsi ne ke sa wasu sake kama hanyar Agadas.

Saboda haka tallafin da zai yi tasiri shi ne wanda zai bi mutum har garinsu, da jari da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ba tare da bambanta wanda ya yarda da wanda aka tilasta wa ba. Muddin ba a yi haka ba, to kuwa za a ci gaba da tufka da warwara ne kawai.